Saƙon tes a harkar ilimi

Saƙon tes a harkar ilimi shi ne amfani da gajeren saƙon wayar hannu, wanda ake kira SMS, wajen koyarwa da tafiyar da al'amuran makaranta. A ciki akwai aika wa ɗalibi aikin gida, da sanar da uba cewa ɗansa bai shiga aji ba, da karɓar rahoto daga shugaban makarantar da ke can cikin ƙauye, da fitar da sakamakon jarrabawa. Darajarsa ita ce arha da sauƙi. Ba ya buƙatar data ko babbar waya. Ƙaramar waya mai madannai ta wadatar, kuma ko ba sabis a lokacin da aka turo shi, saƙon yakan jira har a samu.

Asali da yadda yake aiki

An aika saƙon tes na farko a ranar 3 ga Disamba, 1992, a Birtaniya, ta layin kamfanin Vodafone. A Najeriya sai bayan zuwan layukan GSM a 2001 ya shiga hannun jama'a. Makaranta ko hukuma ba ta zama tana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya. Akwai manhajar kwamfuta da ake zuba wa lambobin iyaye ko na malamai, ta watsa saƙo ga dubban mutane a lokaci guda, su kuma su mayar da amsa ta wata gajeriyar lamba.

Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Sai dai wannan adadin na baƙaƙen da aka tanada tun farko ne a tsarin GSM, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikinsu. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai ya koma wani tsarin da ke ɗaukar haruffa 70 kacal, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗin ma ya ninka. Wasu tsofaffin wayoyin ma ba sa nuna waɗannan baƙaƙe sam. Shi ya sa masu tura saƙon Hausa da yawa kan cire lanƙwasar. Ga sanarwar ranar komawa makaranta wannan ba komai ba ne, amma ga wanda yanzu yake koyon bambanta baƙi da baki, asara ce ta gaske.

Shirin ABC a Nijar

Gwajin da aka fi ambata a wannan fanni a ƙasar Hausa aka yi shi. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Dosso da Damagaram, inda ake koya wa manya karatu da rubutu da lissafi cikin harsunansu, Hausa da Zabarmanci da Barbarci. Masu bincike uku, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka da Christopher Ksoll da Travis Lybbert, suka bi diddigin shirin a ƙauyuka 113. Kowane ƙauye yana da ajin maza da ajin mata, mutum 25 a kowanne. Da rani ake karatun, daga Fabrairu zuwa Yuni, don idan damina ta faɗi kowa gona zai nufa.

Ta hanyar ƙuri'a aka raba ƙauyukan gida biyu. Duka suna bin manhajar karatu ɗaya, amma a kusan rabinsu aka ƙara darasin waya, wanda shi ake kira shirin ABC: ina lambobi suke a jikin madannai, ina baƙaƙe, yadda ake kira da amsawa, yadda ake rubuta saƙo da karanta shi. Ba kowa aka ba waya ba. Ɗalibai biyar ne ke tarayya a kan guda ɗaya.

Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. A ma'aunin da masana ƙididdiga ke auna tazarar maki da shi, bambancin ya kama daga 0.19 zuwa 0.26, wanda ba abin rainawa ba ne ga shirin da bai ƙara malami ko ɗaya ba. Watanni bayan rufe aji, fifikon lissafin bai gushe ba. An wallafa sakamakon a 2012.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Babbar matsalar yaƙi da jahilci ita ce mantuwa. Dattijuwa ta sha wahalar koyon baƙaƙe wata huɗu, ta koma gida ba littafi, ba jarida, ba ko allon sanarwa da harshenta, kafin rani ya zagayo sun zube. Waya kuwa ta ba ta abin yi da karatun. Ɗanta ya tafi ci-rani, tana son jin lafiyarsa, kuma a wancan lokaci tes ya fi kira araha nesa ba kusa ba. Manomi yana son sanin kuɗin tiyar gero a kasuwar gaba kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Duk sanda aka zauna ana neman harafi a madannai, bita ake yi ba tare da an kira shi bita ba. Ya kamata a lura kuma cewa wayar ba ta koyar da kowa ita kaɗai ba: malami na tsaye a gaban aji, shi ya fara ɗora su a kan baƙaƙen.

Daga baya Aker da Ksoll sun sake wani gwajin a Nijar, wannan karon don sa ido a kan malamai. Kowane mako akan kira malamin da mai gari da ɗalibai biyu a tambaye su ko an yi aji. Ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi ƙoƙari a jarrabawa, alhali ba a ƙara wa malamin ko sisi saboda kiran ba.

Darasi ta tes a wasu ƙasashe

A Kenya kamfanin Eneza Education ya yi fice da shirin Shupavu 291, inda ɗalibi ke karɓar taƙaitaccen darasi da tambayoyi ta layin Safaricom, ya amsa, a gaya masa ko ya yi daidai, har ya iya tura wa malami tambaya.

Botswana ce ta ba da hujja mafi ƙarfi kan iyakar abin. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ƙungiyar Young 1ove, wadda yanzu ake kira Youth Impact, ta gwada hanyoyi biyu a kan gidaje kusan 4,500. Wasu gidajen ana tura musu tambayoyin lissafi ta tes kowane mako. Wasu kuma bayan tes ɗin sai mai koyarwa ya kira, ya yi minti 15 zuwa 20 yana bin tambayoyin tare da yaron. A ƙarshen gwajin, yaran da aka haɗa wa tes da kira sun ci gaba a zahiri, amma tes kaɗai bai nuna tasirin da za a dogara da shi ba. Duk hukumar da ke shirin sayen miliyoyin saƙonni da sunan koyarwa, ya dace ta san da wannan sakamakon.

Gudanar da makaranta

A nan ne tes ya fi cin kasuwarsa, don sanarwa aikinsa ne tun asali. A Yuganda, ma'aikatar ilimi da UNICEF sun kafa tsarin EduTrac a 2011. Aka riƙa tura wa shugabannin makarantu da 'yan kwamitin kula da makaranta tambayoyi a kai a kai, kamar malamai nawa suka zo, yara nawa ke aji, kuɗin gwamnati ya iso ko bai iso ba, su amsa kyauta, amsar ta isa ofishin ilimi na gunduma ba tare da jiran sufeto ba.

A jihar West Virginia ta Amurka, Peter Bergman da Eric Chan sun haɗa rajistar makarantun sakandare da manhajar tes, ta yadda iyaye ke samun labari idan yaro ya tsallake aji ko bai miƙa aiki ba. Faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, halartar aji ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, ko da yake makin jarrabawar jiha bai canza ba.

A Najeriya misalin da kowane gida ya sani shi ne na hukumar JAMB. Mai neman shiga jami'a yakan tura lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, zuwa 55019 ko 66019 a ba shi lambar fara rajista, kuma ta wannan layin ne zai duba sakamakonsa. Wannan ya rage wa ɗalibai zarya zuwa shagon intanet, amma ya sa layin ya zama kadara: wanda ya yi rajista da sim ɗin wani, ko nasa ya ɓace, yakan sha wuya.

Matsaloli

Saƙo lamba yake samu, ba mutum ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa ko ya yi tafiya, alhali uwa ce ke tare da yaran. Idan saƙon ya iso kuma da Turanci ko Faransanci aka rubuta shi, sai an nemi mai karantawa, wani lokaci yaron da aka kawo ƙararsa shi ne zai karanta. Ga matsalar caji inda ba wuta, ga yawan sauya layi da ke sa rajistar makaranta ta cika da matattun lambobi cikin zango biyu ko uku. 'Yan damfara ma sun shigo, suna tura saƙo da sunan makaranta ko hukumar jarrabawa suna neman a biya kuɗi don a gyara maki ko a samar da gurbin karatu. Saboda haka makarantun da suka ɗauki abin da muhimmanci sukan sanar da iyaye lamba ɗaya tak da saƙonsu zai riƙa fitowa, su karɓi lambar uwa tare da ta uba, su kuma sabunta rajistar a farkon kowane zango.