Mesarka ta ƙi cin abinci? Kada ka yi mata ɗura

Masu kiwon ƙaramar mesa, wadda kan dunƙule ta ɓoye kanta idan ta tsorata, da yawansu sun ɗauka ƙin cin abinci ciwo ne. Sai a buɗe mata baki da ƙarfi a tura nama, wasu har madara suke ba ta. Wannan cutarwa ce. Cikin maciji ba ya narkar da madara, ɗura kuwa tana raunata baki da maƙogwaro.

Jikin mesa ba ya samar da ɗumin kansa, shi ya sa ba ta ƙona abinci da sauri. Babbar mesa, ɓera ɗaya ya ishe ta kwana 10 zuwa 14, ƙarama kwana 5 zuwa 7. Lafiyayya tana iya yin watanni ba ta ci ba, musamman da hunturu, takan kuma ƙi ci na ɗan lokaci in za ta yi saɓa: idanunta su yi hazo, fatar ta dushe.

Ɗumi ya kamata ka fara dubawa. Gefe ɗaya na akwatinta ya kai digiri 31 zuwa 32. Sanyin daren Janairu ko na'urar sanyaya ɗaki kan sa ɓeran ya ruɓe a cikinta, ta amayo shi. Bayan ta ci, kada a ɗauke ta sai an kwana 2. In ta yi amai, a jira mako 2, sannan a ba ta ƙarami. Kaurin ɓeran kada ya wuce na tsakiyar jikinta.

Amma in ƙashin bayanta ya fito don rama, ko majina ta cika bakinta, kai ta wurin likitan dabbobi.