Waiwaye: daga tandun kwalli zuwa gubar dalma ta Zamfara

Muna yara a Daura kakarmu tana da wani tandu na fata, da safe duk jikan da ya gifta sai ta damƙe shi ta ja mishi kwalli a ido, jariri ma ranar suna sai an rangaɗa mai har gira. Ni kam sai da na girma na san cewa wannan dutsen mai ƙyalli da take niƙawa shi ne uwar dalma, daga jikinshi ake narko ta. Wato dalma ba baƙuwa bace a gidajenmu, illarta ce aka daɗe ba'a sani ba.

Ƙarfe ne mai nauyi amma ga laushi, zafin digiri 327 ya isa ya narkar da shi, shi yasa tun zamanin Rumawa ake bututun ruwa da shi. Daga baya aka sa shi a fenti da batirin mota da harsashi, a shekarun 1920 kuma Amurkawa suka fara zuba shi a man fetur don inji ya daina ƙwanƙwasa, duniya tayi ta shaƙar hayaƙin nan shekara da shekaru, sai a 2021 Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina.

Amma mu nan abinda ya buɗe mana ido shi ne na maƙwabtanmu Zamfara a 2010. Zinare yayi tsada, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma suka bar gona suka koma haƙo, suna kwaso dutsen su kawo cikin gida, mata na dakawa a turmi wasu kuma a kai injin niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta lulluɓe tsakar gida, yaro yana rarrafe ya sa hannu a baki, shikenan. Sai amai, sai jijjiga, sai rasuwa, an yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau har likitocin ƙungiyar agaji ta Doctors Without Borders (MSF) suka lura yaran basa jin magani aka auna jini. Yara wajen 400 suka tafi, Allah ya jiƙansu. Wallahi duk sanda na tuna uwa ce ta daka dutsen da hannunta don a samu na abinci sai jikina yayi sanyi.

Maganin ma ba allura ɗaya bace, sai an kankare ƙasar gida gaba ɗaya an zubo sabuwa kafin a fara ba yaro maganin da ke janye gubar daga jini, in ba haka ba ya koma ya sake kwasa. Bagega, wani ƙauye a Anka da abin ya shafa, sai 2013 aka samu aka yi mata aikin saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Waɗanda suka rayu fa? nan ne abin ya fi ciwo, don dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa kuma barnar bata gyaruwa, yaro ya tashi baya gane karatu a ce dakiki ne. Hukumar lafiya ta duniya tace babu wani adadi na dalma a jini da za'a ce bashi da illa.

Mu a Katsina har yau samarinmu na zuwa haƙar zinare su dawo gida da kayan aiki duk ƙura, kwallin dutse yana nan a kasuwa. Satin da ya wuce na kai batirin motata gyara, na tarar da mai gyaran yana narka dalma a gwangwani kan gawayi, yaron shagonshi da bai fi shekara 10 ba yana fifita wutar da kwali, gefenshi ga ledar awara a buɗe yana ɗauka yana ci.