Bhagavad Gita

Bhagavad Gita na cikin littattafan da mabiya addinin Hindu suka fi girmamawa. Da harshen Sanskrit aka rubuta shi, ma'anar sunan kuwa ita ce "Waƙar Bhagavan", wato Ubangiji a wurinsu. Asalinsa yanki ne na kashi na 6 na doguwar waƙar nan Mahabharata, kashin da ake kira Bhishma Parva. Yana da babi 18 da baiti 700. Al'adar Hindu ta jingina shi ga malami Vyasa.

Labarin ya faru ne a filin daga na Kurukshetra, a jihar Haryana ta Indiya a yau, inda 'ya'yan wa da ƙani, Pandawa da Kaurawa, suka ja daga a kan gadon sarauta. Ana dab da gwabzawa sai jarumi Arjuna, ɗaya daga cikin Pandawa, ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona a rundunar abokan gaba. Jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye kwari da baka, ya ce ba zai zubar da jinin dangi ba. Sauran littafin duk amsa ce da ya samu daga Krishna, wanda ke tuƙa masa keken doki, wanda kuma Hindu ke bauta wa.

Krishna ya fara da rai, atman. Ya ce rai ba ya mutuwa, jiki kawai yake sauyawa kamar yadda mutum ke tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa. Daga nan ya shiga batun dharma, haƙƙin da ke wuyan kowa gwargwadon matsayinsa, kuma nan ne ƙashin bayan littafin: mutum ya yi aikinsa ba tare da kwaɗayin sakamako ba. Wannan ita ce hanyar aiki, karma yoga. Akwai kuma hanyar ilimi, sai hanyar ƙauna da miƙa wuya, bhakti, wadda ke ƙara ƙarfi bayan babi na 11, inda Krishna ya bayyana wa Arjuna siffarsa mai ban tsoro.

Manyan malaman Hindu, Shankara da Ramanuja, sun yi wa littafin sharhi, kowa da fahimtarsa. Charles Wilkins ya fassara shi zuwa Turanci a 1785. Abin mamaki, littafin da ke ƙarfafa mayaƙi ya zama abokin tafiyar Mahatma Gandhi, mai ƙin tashin hankali, domin shi a ganinsa yaƙin Kurukshetra a zuciyar ɗan Adam ake yin sa. Bal Gangadhar Tilak kuwa, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya wanda ya rubuta nasa sharhin a kurkukun Mandalay da ke Burma, kira zuwa ga tashi tsaye ya karanta a ciki.