Waiwaye: Yadda awon igiya ya riga taswirar gwamnati gina Kano

Kusan duk gwamnatin da ta hau a Kano sai ta ɗauki alkawari biyu game da filaye: za ta hana awon igiya, wato yanka gona fuloti-fuloti ba tare da awon hukuma ba, kuma za ta sauƙaƙa samun takardar fili da izinin gini. Ana faɗar su kamar kowanne harkarsa daban, alhali jijiyarsu ɗaya. Manomin da ke yanka gonarsa a gefen Ungogo ko Kumbotso yana sayarwa fuloti-fuloti, da ɗan kasuwar da ke saye, duk sun san akwai Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo. Sun leƙa layinta ne suka ga ba ya motsi. Layin kuwa ya girmi jihar kanta.

Kafin zuwan Turawa, Birni yana da nasa tsarin. Tun ƙarni na 12 Sarki Gijimasu ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya gina gidan sarauta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ganuwar ta kewaye fili mai yawa har da gonaki, don haka mai neman wurin zama sai ya bi ta hannun mai unguwa a nuna masa inda zai kafa. Izinin na baka ne, shaidu kuwa maƙwabta. Inda aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, kududdufin kuma shi ke shanye ruwan damina. Ba a rubuta wannan a takarda ba, amma ya riƙe gari shekaru aru-aru.

Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Dokar ƙasa ta 1910 ta mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, sannan dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta raba mazauna: Nasarawa ta Turawa, Sabon Gari ta baƙin da suka zo daga kudu, aka bar sararin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. A can ɓangaren ne ake awo da taswira da izinin gini a rubuce. Birni da Fagge aka bar wa En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, su ci gaba yadda suka saba. Daga nan garin ya tashi da hanya biyu ta mallakar muhalli, ɗaya ta takarda don tsiraru, ɗaya ta mai unguwa don sauran jama'a, kuma har yau ba su haɗe ba.

Yunƙuri mafi girma na haɗe su shi ne taswirar da masanin tsara birane B.A.W. Trevallion ya jagoranta, wadda aka tsara ta yi aiki shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. A lokacin mutanen garin ba su cika 300,000 ba. Kafin a je ko'ina aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, yaƙin basasa ya ɓarke, kuɗin man fetur suka shigo, farin farkon shekarun 1970 ya kwararo da mutanen karkara, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka ja ma'aikata. Wa'adin taswirar ya ƙare, aka yi ta maganar sabunta ta, hukumar da ke kula da aikin ta yi ta sauya suna har ta zama KASEPPA, daga baya KNUPDA, amma ba a sake samun wata taswira da aka bi sau da ƙafa ba. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni suna ɗauke da mutum kusan miliyan 2.8.

Abin da ya fi ɗaure lamarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta watan Maris 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo. Niyyarta, a faɗar masu ita, ta hana 'yan tsiraru tara filaye, ta sauƙaƙa wa gwamnati samun wurin ayyuka. Sai ta damƙa duk filayen birni a hannun gwamna amana. Shi ke ba da shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma ko sayarwa za ka yi ko jinginarwa a banki, sai da amincewarsa. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa ba ne a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda ta ce jinginar da ba ta samu amincewar gwamna ba ba ta da inganci. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, gyara ta sai an bi matakan gyaran tsarin mulkin kansa. Sakamakon shi ne ciniki dubu nawa na gari guda ya koma jiran sa hannun mutum ɗaya, fayil na yawo daga tebur zuwa tebur, safiyo, kimanta daraja, harajin ƙasa, kowane mataki da kuɗinsa na fili da na ɓoye. Izinin gini kuma yana bayan wannan layin, domin hukuma ba ta duba zanen gidanka sai ka nuna takardar filin.

Akwai wani sashe na dokar da ba a cika ambata ba, amma manoman gefen gari sun haddace shi ba tare da sun karanta ba. Idan gwamnati ta karɓi gona don yin awo, diyyar da doka ta tanada ta amfanin da ke kai ce, shuka da bishiyoyi da gini, ban da ita kanta ƙasar. To manomin da ya hango gari na matsowa, ya ga abin da maƙwabcinsa ya samu, me zai jira? Sai ya kira dillali.

Cinikin ba ya cin mako guda. Dillali ya zo da igiya da turaku, a shata fuloti ƙafa hamsin-hamsin, wani lokaci a sake raba shi biyu don mai ƙaramin ƙarfi. Hanya ita ce abin da ya rage bayan an fitar da fuloti, domin duk taku ɗaya da aka bar mata kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, shaidu su sa, a ba da la'ada, a yi addu'a. Washegari tifa ta sauke yashi, birkila ya ja layin tushe. Mai shi ya yi ɗaki biyu ya tare, sauran ya ƙarasa a hankali, bulo ɗari yau, kwano bandir ɗaya bayan salla. A gaskiya wannan hanya ce ta ba mafi yawan Kanawa muhalli, daga Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa zuwa Rimin Kebe da Ɗorayi da Sheka da Gaida, kuma duk mai zaginta ya kamata ya fara faɗin inda yake so waɗannan mutane su kwana. Kuɗin da ba a biya a farko ba sai daga baya ake biya. Lungun da a-daidaita-sahu ba ya iya juyawa, motar kashe gobara ta tsaya a bakin titi, rijiya na maƙwabtaka da masan gidan baya, babu filin makaranta, babu na maƙabarta, kududdufin da zai sha ruwa an cike shi da shara an sayar.

Gwamnatoci sun gwada gina gidaje da kansu: Kundila, rukunin gidajen Shagari, sannan biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015. Tituna masu faɗi, magudanan ruwa, komai a tsare. Sai dai farashinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, gidaje da yawa suka yi shekaru babu kowa a ciki, a daidai lokacin da gonakin da ke kewaye da su ke cika da ginin awon igiya.

Shi kansa awon gwamnati bai tsira ba. Fulotin da aka fitar don jama'a yakan ƙare a hannun masu uwa a gindin murhu, su sayar da takardar tun kafin a share hanya. Filayen da taswira ta ware don makaranta ko wasa aka riƙa yankar gefensu ana yin shaguna. Rusau ɗin watan Yuni 2023, a otal ɗin Daula da Masallacin Idi da sauran wurare, ya taso ne daga wannan taƙaddama: sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba, masu gini suka ce da takardun gwamnatin baya suka gina. Kotun tarayya ta yanke wa masu shagunan Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, mai awon igiya ya ɗauki darasinsa: takardar da ake cewa ya sha wahalar nema, ita ma canjin gwamnati na iya girgiza ta.

Maganar hanzarta izini ta ɗauki zafi ne a shekarun baya-bayan nan. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, don haka babu fakewa da Abuja. A 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya yi ta nanata cewa filayen Najeriya masu rajista ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Daga nan aka gwada bin unguwanni gida-gida ana awo ana ba da shaidar mallaka da rahusa, kuma Kano na cikin jihohin gwaji. Aka kafa KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar, don mayar da fayiloli cikin kwamfuta. Bankin Duniya ya sa Kano tare da Legas a ma'auninsa na sauƙin kasuwanci, Najeriya ta tashi daga ta 169 zuwa ta 131 kafin a daina fitar da rahoton a 2021. An samu sauƙi, ba a musu. Amma abin da ma'aunin ke ƙirgawa shi ne kwanakin da kamfani mai cikakkiyar takarda zai yi kafin a ba shi izinin gina sito, ba magidancin da ke riƙe da takardar mai unguwa ba. Shi wannan ko an mayar da izini na kwana ɗaya, bai isa bakin tagar ba tukuna.

A ganina nan ne gyaran ya yi ta kuskure wuri. Gaggawar da Kano ta fi buƙata ita ce ta riga dillali isa gona: a kafa turakun manyan hanyoyi da magudanan ruwa, a keɓe filin makaranta da asibiti da maƙabarta, a bar wa manomi sauran ya sayar da kansa da takardar da hukuma za ta amince da ita. Shata hanya a gonar gero aikin safiyo ne na 'yan makonni, buɗe ta bayan an gina kuwa sai katafila da diyya da kotu. Yanzu haka igiyar ta tsallake titunan baifas, tana cin gonakin Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Madobi.