Waiwaye: Neman kocin Penn State da ranar Larabar da ba a cika tunawa da ita ba

Masu bin ƙwallon Amurka ba su gama cece-kuce ba a kan yadda jami'ar Penn State ta shafe sama da kwana 50 a ƙarshen 2025 tana neman sabon koci. Wasu na ganin an yi gaggawar sallamar tsohon kocin, James Franklin, a ranar 12 ga Oktoba. Wasu na cewa sallamar ta zo a kan kari, neman magajin ne ya yi tsami. A tsakanin nan kuwa da wuya ka ambaci babban kocin da ba a jingina masa kujerar ba: yau a ce wane ya amince, gobe a ji jami'arsa ta ƙara masa albashi ya zauna. Mai kallo daga nesa zai ɗauka abin ya faɗo ne daga sama cikin mako uku na rashin nasara. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya daɗe yana haɗuwa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ba tamaula ake nufi ba. Wannan ita ce ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano. A Amurka ƙungiyoyin jami'o'i na tara jama'a fiye da yawancin kulob ɗin Turai. Filin Beaver, gidan Penn State a garin State College na jihar Pennsylvania, yana ɗaukar mutum sama da 106,000, fiye da ninki biyu na mazauna cikin garin. A jihohi da dama kocin jami'a ne ma'aikacin da ya fi kowa albashi a hukumomin jihar. Saboda haka idan kujerarsa ta zama wayam, maganar ta wuce shafin wasanni.

Tarihin da kowa ya sani bai da tsawo. Joe Paterno ya riƙe ƙungiyar daga 1966 zuwa 2011, har aka haifi mutane suka yi jikoki ba su san mene ne neman koci ba. Bill O'Brien ya yi kaka biyu ya tafi gasar ƙwararru ta NFL. Franklin ya zo daga Vanderbilt a 2014, ya ci kofin rukunin Big Ten a 2016, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a Janairun 2025. Ya ci wasa 104 ya sha kashi a 45, amma a karawarsa da ƙungiyoyi goma na sahun gaba 4 kacal ya ci cikin 25, kuma wannan lissafin magoya baya suka riƙe. An shiga kakar 2025 ana sa Penn State a matsayi na 2 a ƙasa, sai Oregon ta doke ta a gida, UCLA da ba ta ci wasa ko ɗaya ba ta biyo baya, Northwestern ta rufe da ci 22 da 21. Washegari aka raba gari.

Labarin kuɗi ma an sha ba da shi. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984 ya ba jami'o'i damar cinikin haska wasanninsu a talabijin, kuɗi suka kwararo, albashi ya hau. A 2007 an yi ta mamakin dala miliyan 4 a shekara da Alabama ta ba Nick Saban. A 2023 diyyar sallamar Jimbo Fisher daga Texas A&M ta haura dala miliyan 75. An buɗe rajistar sauya sheƙa ta 'yan wasa a 2018, aka ba su damar samun kuɗi da sunansu a 2021, a 2025 kuma jami'o'i suka fara biyansu kai-tsaye, kowace jami'a har jimillar dala miliyan 20.5 a shekara. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana bayyana abin da ya sa haƙuri ya ƙare. Sai dai bai bayyana abin da ya sa ake sallamar koci a Oktoba, kaka na tsaka, alhali wanda ake so a ɗauko ba zai iya zuwa ba sai Disamba. Amsar wannan tana cikin kalanda, a wani sauyi da aka yi a 2017 wanda a lokacin ya wuce kamar gyaran takarda.

Jami'a ba ta sayen ɗan wasa daga wani kulob kamar yadda aka saba gani a Ingila ko Sifaniya. Tushen ƙungiya yaran sakandare ne masu shirin gamawa. Koci da mataimakansa kan shafe shekara ɗaya ko biyu suna zawarcin yaro ɗaya: su je kallon wasansa, su gayyace shi ya ga makaranta, su shiga falon gidansu su zauna da uwa da uba a ci abinci, koci ya dubi uwar ya ce zai riƙe mata ɗanta amana. Yaro kan yi alkawari da baki, amma alkawarin bai ɗaure kowa ba sai ranar rattaba hannu. Shekaru aru-aru ranar ita ce Laraba ta farko a watan Fabrairu.

Da wannan tsohon tsari komai na da wurinsa. Kaka ta ƙare a ƙarshen Nuwamba, wanda za a sallama a sallame shi, a yi wasannin rufe shekara zuwa farkon Janairu, sabon koci ya zo ya sami makonni yana bin gidaje yana lallashin iyaye. Penn State da kanta shaida ce. O'Brien ya tafi a kwanakin farko na Janairun 2014, aka gabatar da Franklin ranar 11 ga wata, ranar sa hannu kuma ta kama 5 ga Fabrairu. Neman bai kai mako biyu ba, kuma sabon kocin ya sami kwana 25 na shiga gida-gida. Jita-jita ba ta sami filin yin ƙiba ba, domin a Janairu kusan kowane koci ya gama kakarsa, ana iya kiransa a zauna a yi magana a fili.

A 2017 aka amince a ƙara wata ƙofar sa hannu ta kwana uku a Disamba, aka fara da 20 zuwa 22 ga wata. Dalilan masu kyau ne, kuma kociyoyi da yawa sun goyi baya. Yaron da ya yanke shawara tun bazara bai ga dalilin da zai sa a yi ta damunsa da waya har Fabrairu ba. Ƙananan jami'o'i sun gaji da renon yaro shekara guda, sai ana saura mako ɗaya babbar jami'a ta rasa wanda take so ta zo ta ɗauke nasu. Ga kuma yara masu gama sakandare da wuri domin su shiga jami'a a zangon Janairu su fara atisaye. An ce ƙofar ta zaɓi ce, wanda ya so ya jira Fabrairu ya jira.

Ba ta zauna a zaɓi ba. Tun shekarar farko akasarin yaran da ake rububinsu suka sa hannu a Disamba, kuma dalilin a bayyane yake. Gurbi ƙidayayye ne. Yaron da ya ce zai jira, za a ɗauka zuciyarsa na rawa, a ba wani gurbinsa. Kocin da ya jira kuma zai tarar an kwashe na kirki. Cikin shekara ɗaya Disamba ta zama girbi, Fabrairu ta koma kala.

Daga nan sai lissafi ya koma baya-baya. Idan yara za su sa hannu a tsakiyar Disamba, dole sabon koci ya kasance a kujera a farkon watan. Idan haka ne dole a gama tantancewa a Nuwamba. Idan kuwa za a yi tantancewa a Nuwamba, kunya da mutunci ba za su bari a yi ta a bayan idon kocin da ke kan aiki ba, sai a sallame shi tun Oktoba, ko ma kafin nan. Alamar ta fito tun kakar farko: Fisher ya bar Florida State zuwa Texas A&M a ranar 1 ga Disamban 2017, ana gobe wasan ƙungiyarsa na ƙarshe a kaka. A 2021 USC ta rabu da Clay Helton bayan wasa biyu kacal, a watan Satumba. A ƙarshen Nuwamban shekarar, cikin kwana biyu, Lincoln Riley ya tashi daga Oklahoma zuwa USC, Brian Kelly kuma daga Notre Dame zuwa LSU, Notre Dame na da nasara 11 cikin 12 tana sa ran shiga gasar zakaru, wadda ake fitar da gwarzon ƙasa a cikinta. Ranar sa hannu ta kasance 15 ga Disamba. Misalin da ya fi nuna tsadar lokaci shi ne na Nebraska a 2022: ta sallami Scott Frost ranar 11 ga Satumba da diyyar dala miliyan 15, alhali da an kai 1 ga Oktoba diyyar za ta ragu da rabi. An kai matsayin da mako uku na riga kowa shiga kasuwa ya yi daidai da dala miliyan 7.5.

Sai kuma aka ƙara matse abin daga ɓangarori biyu. A 2024 aka jawo ranar Disambar zuwa Laraba ta farko a watan, domin kada ta ci karo da buɗe rajistar sauya sheƙa. A shekarar ce kuma gasar zakaru ta faɗaɗa daga ƙungiya 4 zuwa 12, wasan ƙarshe ya kai 20 ga Janairun 2025. Wato ranar da ake buƙatar koci ta matso kusa, ranar da ƙwararren koci ke gama aikinsa ta ƙara nisa. Wanda ya fi cancanta shi ne wanda ya fi wuyar samu a lokacin da ake nemansa, domin cancantar tasa ce ta riƙe shi a fili.

A wannan gibin raɗe-raɗi ke rayuwa. Jami'ar da ke nema ba za ta iya faɗin wanda take so ba, kada ta ji kunya idan ya ƙi. Kocin da ake so ba zai iya cewa e ba, yana da wasa ranar Asabar da yara sama da ɗari da ke kallon bakinsa. Idan ya ce a'a ma ba mai yarda. Sai magoya baya su cike shirun da kansu: akwai masu bin sawun ƙananan jirage a intanet, su ga wanne ya tashi daga filin jirgin State College ya sauka a wane gari, su gina labari a kai. Kuma jita-jitar na da farashi ko gaskiya ce ko ƙarya. Kwana huɗu bayan sallamar Franklin, Indiana ta ba Curt Cignetti sabon kwantiragin shekara 8 a kan kusan dala miliyan 11.6 a shekara. A ƙarshen Oktoba Nebraska ta tsawaita na Matt Rhule, tsohon ɗan wasan Penn State da aka fi dangantawa da kujerar. A farkon Disamba sunan Kalani Sitake na BYU ya yi ƙarfi, a daidai makon da ƙungiyarsa ke shirin wasan ƙarshe na rukunin Big 12, shi ma jami'arsa ta ɗaure shi da sabuwar yarjejeniya. Ba sai wani ya shirya makirci ba kafin haka ta faru. Kowace jami'a na kare abin hannunta ne, kuma wata biyu sun ishe ta yin hakan.

Abin lura shi ne wanda ya fi saurin samun aiki a kakar nan shi ne wanda aka kora. Virginia Tech, da ta rabu da kocinta tun Satumba, ta ɗauki Franklin ranar 17 ga Nuwamba, domin babban suna ne da ba shi da wasa ranar Asabar. Ya sami mako biyu yana kiran iyayen da ya riga ya ci abinci a gidajensu, kuma da dama daga yaran da suka yi wa Penn State alkawari suka bi shi. Wasu manyan jami'o'in da ke nema kuwa sun jira kaka ta rufe ranar Asabar 29 ga Nuwamba, washegari Lahadi LSU da Florida da Auburn da Arkansas duk suka sanar da kociyoyinsu a yini ɗaya, ana saura kwana uku sa hannu. Lane Kiffin, wanda LSU ta ɗauka, ya bar Ole Miss tana daf da shiga gasar zakaru karon farko. Jon Sumrall ya karɓi Florida amma ya ci gaba da jagorantar Tulane har cikin gasar, yana riƙe da aiki biyu.

Shawarwarin gyara na yawo: a mayar da ranar Fabrairu, ko a kai ta bazara kafin a fara kaka, ko a kafa doka irin ta NFL mai iyakance lokacin da za a tattauna da kocin da ke kan aiki. Kowacce na cin karo da abu ɗaya, wato waɗannan makarantu ne, zangon karatu na farawa a Janairu, kuma yaron da zai shiga aji dole ya san inda za shi kafin nan. An dai taɓa gefe guda, aka mayar da rajistar sauya sheƙa zuwa 2 zuwa 16 ga Janairun 2026. Ranar yaran sakandare ba ta motsa ba a kakar.

Ranar Laraba 3 ga Disamban 2025 ta zo ta sami Penn State a hannun kocin riƙon ƙwarya, Terry Smith, wanda ya ci wasanni ukun ƙarshe har wasu magoya baya na kiran a tabbatar masa da kujerar. Yara biyu ne suka sa hannu, a ranar da babbar jami'a kan ɗauki 20 ko fiye. Kafin ƙarshen makon aka cimma matsaya da Matt Campbell, wanda ya yi kaka 10 a Iowa State. Yaran da suka sa wa Iowa State hannu ranar Laraba sun wayi gari Asabar da kocin da ba shi ya zo gidansu ba. Iowa State ta cike gurbin da Jimmy Rogers na Washington State, ita kuma Washington State ta shiga neman nata kocin bayan an rufe ƙofar sa hannu.