Mene ne "bambancin addini" a auren Katolika?

'Yan Katolika masu jin Hausa da ke zaune a Legas, mutanen Kafanchan da Zonkwa da Shendam da Jalingo da Yola, sukan ci karo da wannan magana ne a ofishin Fada, ranar da suka je neman a ɗaura musu aure. Legas gari ne da ke haɗa ka da wanda ba za ka taɓa gani a ƙauyenku ba. Yarinya tana aiki a Ikeja ko Apapa, ta haɗu da saurayi mai hankali, mai sana'a, amma ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, ya ce shi ba ruwansa da addini. Fada ya saurare su, sannan ya ce, "'Yata, sai mun rubuta wa Bishop tukuna." Abin da za a rubuta a takardar da Turanci shi ne disparity of cult, wato bambancin addini.

A dokar Ikklisiyar Katolika, wadda Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, sashe na 1086 ya ce aure tsakanin ɗan Katolika da wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya ɗauruwa. Wannan cikas ne na doka, kuma Bishop yana da ikon ɗage shi. A nan Legas takardar tana zuwa ofishin Babban Bishop Alfred Adewale Martins, wanda ke riƙe da kujerar tun 2012. In ba a sami izinin ba, ko an ci shinkafa an yi rawa har gari ya waye, a wurin Ikklisiya ba a yi aure ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne abin da Fada zai fara tambaya. Ba zai ce "ya gaskata da Allah?" ba. Zai ce "an taɓa yi masa baftisma?" Saurayin da ya ce ba shi da addini, amma an yi masa baftisma yana yaro a Angilikan ko Methodist, a lissafin doka Kirista ne, ko da ya shekara ashirin bai leƙa coci ba. Aurensa ya faɗa ƙarƙashin sashe na 1124, auren ɗan Katolika da Kiristan wata ɗarika, wanda shi ma yana buƙatar amincewar Bishop amma bai kai wancan nauyi ba. Wanda kuwa aka haifa Katolika daga baya ya fito fili ya ce ya bar bangaskiya, sashe na 1071 ya ce shi ma sai da izini. Bambancin addini na ainihi ya shafi wanda ruwan baftisma bai taɓa shi ba ne kawai, ko marar addini ne, ko Musulmi, ko mai bin gargajiya.

Sharuɗɗan izinin suna cikin sashe na 1125, kuma nauyinsu yana kan ɗan Katolikan ne. Ita za ta bayyana cewa a shirye take ta kauce wa duk abin da zai raba ta da bangaskiyarta, ta kuma yi alkawari da zuciya ɗaya cewa za ta yi iyakar ƙoƙarinta a yi wa 'ya'yansu baftisma a rene su a Katolika. Shi kuwa ba a neman ya yi wannan alkawari. Abin da ake so, a sanar da shi a kan lokaci, ya san abin da matarsa ta ɗauka. Da ba haka abin yake ba: dokar 1917 ta sa har wanda ba Katolika ba sai ya yi alkawari, galibi a rubuce. Paparoma Paul na Shida ne ya sauya tsarin a 1970. Ni dai ina ganin sauyin ya yi daidai, domin sa mutum ya rantse a kan abin da bai yarda da shi ba koya masa ƙarya ne tun daga ƙofar coci.

Akwai kuma abin da ba za a ɗauke masa ba. Dole ya yarda cewa auren na mace ɗaya ne, na har mutuwa, kuma ba a toshe ƙofar haihuwa ba. In yana ɓoye niyyar ƙara mata nan gaba, ko yana ganin in an gaji sai a rabu, auren ya lalace tun daga tushe.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da iyaye ke bayarwa daga gida ta waya: "Ya je a yi masa baftisma mana a huta." Baftismar babba ba tambarin ofis ba ce. Sai ya zauna ajin koyon bangaskiya na watanni a gaban katikis, yawanci kuma a daren Ista ake yi wa manya. Wanda aka tura ya shiga don ya sami mata, ya fita ba da daɗewa ba, ya bar ta da ɗaci biyu: ba ta sami mijin da ke raka ta coci ba, ta kuma san ƙarya suka yi a gaban bagade. Ikklisiya da kanta ta buɗe hanyar izini don kada a kai ga haka. Manzo Bulus ya faɗa a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 7, cewa miji marar ba da gaskiya ya tsarkaka ta wurin matarsa. Monika mai tsarki, uwar Agustin, 'yar Arewacin Afirka, arne ta aura, kuma sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma.

Ranar ɗaurin auren, yawanci ba a yin Mas, wato babbar sujadar Katolika. Ana karanta Maganar Allah, su yi alkawari a gaban Fada ko dikin (mai taimaka wa Fada) da shaidu biyu, a sa albarka. Aure ne na gaskiya, 'ya'yansa halattattu ne, amma ba a lissafa shi sakramenti, wato alama mai tsarki ta alherin Allah, tunda ɗayansu ba shi da baftisma. In daga baya ya karɓa da kansa, auren ya zama sakramenti ba tare da an sake biki ba.

Wasu sukan ce to a tafi ofishin rajistar aure na gwamnati a Ikoyi kawai. Gwamnati za ta amince, bayan sanarwar kwana 21 da dokar aure ta Najeriya ta tanada, amma Ikklisiya ba ta ɗauki wannan kaɗai a matsayin auren ɗan Katolika ba, kuma mai shi yakan daina karɓar Jibin Ubangiji har sai an gyara.

Duk mai wannan niyya ta je wurin Fada tun kafin a sa rana ko a biya kuɗin zauren biki. Za a nemi sabuwar takardar baftismarta daga cocin da aka yi mata, domin a littafin can ne ake rubuta ko ta taɓa aure, kuma kawo takarda daga wani ƙauye a Taraba zuwa Agege yakan ci makonni. Ga ajin shirin aure, wanda shi ma saurayin zai zauna. A can ne ya kamata su yi maganar da suke ta gudu: wa zai kai yara coci ranar Lahadi, wace makaranta za su shiga, kuma me uban zai ce ranar da ɗansa ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya addu'a tare da su.