Bakteriyofej

Bakteriyofej, ko fej a taƙaice, wani nau'in bairos ne, wato ƙwayar cuta 'yar mitsitsiya, da ba ya kama mutum, bakteriya kaɗai yake farauta. Yakan maƙale a jikinta, ya zuba mata ƙwayar halittarsa, ya hayayyafa a ciki har ta fashe. Frederick Twort, ɗan Ingila, shi ya fara lura da shi a 1915, sai Félix d'Hérelle a Faris a 1917, wanda ya raɗa masa suna. A 1923 aka kafa Cibiyar Eliava a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, kuma har gobe ana jinya da shi a can. Ƙasashen Yamma kuwa, da fenisilin, maganin kashe bakteriya, ya wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai suka yi watsi da shi.

Dole ce ta sa aka waiwaye shi. An ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. A Kano kowa ya san yadda abin ke faruwa: mutum ya shiga kemis ya karɓi kafso huɗu, iya kuɗinsa, ya sha kwana biyu, da ya ji dama ya ajiye. Raunanan ƙwayoyin sun mutu, masu taurin kai sun tsira su yaɗu.

Abin mamaki, a ƙazanta ake samun fej, ruwan kwata irin wanda ke malala a Jakara. Ana tace ruwan, a ɗiga a kan farantin da ake rainon bakteriyar majinyaci. Inda ya yi fili tas, wato fej ya kashe bakteriyar wurin, an dace. Cikas ɗinsa shi ne tsirfa: kowane fej da irin bakteriyar da yake ci, don haka sai da ɗakin gwaji mai kayan aiki da wutar da ba ta ɗaukewa. A 2016 an ceto wani majinyaci da shi a San Diyego ta Amurka, bayan magunguna sun gaza.

Ko da za a kawo fej Kano, gwajin sabon magani a garin yana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan, wani maganin kashe bakteriya, a binciken da ya haɗa da yara kusan 200, 11 suka rasu. Shari'arsa da gwamnatin jihar ta ƙare da sulhun dala miliyan 75 a 2009.